Furen Kanwa

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 4:40 na yamma

Yau na buɗe fayil ɗin. Ba wai ina zargin komai ba ne. Sashenmu ne suka ce kowane ɗalibi ya liƙa ƙarshen sakamakon da kwamfuta ta fitar a bayan kundinsa, shi ne na gangara can ƙasa don in kwafo. Layi ɗaya ne, na kusa da na ƙarshe. Na karanta shi sau uku, na tashi na sha ruwa, na dawo na tarar da shi yadda na bar shi: lissafin ya tsaya bayan zagaye goma sha biyu, bai nutsu ba.

Daga wannan lissafin na zana hoton da ke shafi na 61. Babi na huɗu gaba ɗaya a kansa yake zaune. Ranar 29 zan kare kundin digirina na biyu, ranar 24 kuma dole kwafin ƙarshe ya isa ofis ɗauke da sa hannun Malam.

Na dafa taliya, gishiri ya yi mata yawa. Maigidana, Abban Afra, ya cinye tas.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe 6:20 na safe

Na sake dubawa. Layin bai canza ba.

Talata, ƙarfe 3:15 na yamma

Bari in rubuta shi yadda zan faɗa wa ’yan matan ajina a nan Gaya, ko zan hango ƙofar tserewa.

Kanwar da muke jefawa a wake, idan aka samu tsantsarta, ƙwayoyin zarrar da ke cikinta a jere suke reras, tsari ɗaya yana ta maimaita kansa kamar saƙar tabarma. Tsakanin ƙwayoyin nan akwai elektron, su ne ke riƙe da su, kuma ba a wuri ɗaya suke tsaye ba, sun yi kauri a nan, sun yi sakayau a can. Aikina shi ne in lissafo wannan kaurin in zana shi. Ba na auna komai a ɗakin gwaji. Sunayen ƙwayoyin nake ba kwamfuta da inda kowacce take zaune, sauran ta fitar daga dokokin fiziks, tun daga tushe. Takan fara da kintace, ta lissafa, ta gyara kintacen, ta sake lissafawa. Kowane gyara shi ne zagaye ɗaya. Haka za ta yi ta yi har sai amsar yanzu da ta baya sun daina bambanta. A wannan lokacin ne Malam yake cewa lissafi ya nutsu. Kafin nan, duk abin da ta nuna maka kintace ne kawai.

A watan Agusta aka kwana huɗu rana ba ta fito sosai ba. Batirin kwamfutata ya daɗe da mutuwa, da solar gida take rayuwa, kuma a lokacin ban iya dakatar da lissafi in ci gaba washegari ba, in wuta ta ɗauke sai a koma farko. Sau uku hadari yana cinye min aiki. Da haushi ya ishe ni sai na rage mata zagaye zuwa goma sha biyu don ta gama kafin la’asar, da nufin in ga kamannin abin kawai, in mayar daga baya. Ta gama, inbatar sola na ta kuka, na yi maza na zana hoton kafin wuta ta tafi.

Sai ga fure. Ja inda caji ya taru, shuɗi inda ya ragu, a tsakiyar ƙwayar haidirojin kuma wani jan abu mai kunnuwa shida wanda ban taɓa gani a takardar kowa ba. Na manta da goma sha biyu, na manta da komai.

Da na kai wa Dakta Maiwada, mai duba aikina, wanda duk muke kira Malam, ya cire tabarau ya mayar, ya daɗe yana kallo. Ya yi tambayar da yake yi wa kowa, wadda muke kwaikwayonsa da ita a bayan idonsa.

“Bara’atu, ya nutsu?”

Na ce, “Eh, Malam.”

Ban yi ƙarya da gangan ba. Ban dai duba ba. Na nemi ƙofar tserewar, babu.

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Sati uku ke nan cif da Malam ya yanke jiki ya faɗi a gabanmu da alli a hannu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba na son Alhamis yanzu. Na shiga aji na koyar da darasin madubi, wata yarinya ta yar da alli a ƙasa, ƙarar faɗuwarsa ta sa na rasa abin da nake cewa. Na ce su kwafi abin da ke allo, na fita baranda na tsaya.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Na je Toranke. Tun da aka sallamo Malam daga asibiti can aka kai shi gidan gado, ya ce ba ya son hayaniyar birni. Wato matarsa Hajiya Larai ce ta ce ya ce.

Daga Gaya zuwa Ajingi duk an kwantar da gero, mata na ta tsinkar gyaɗa a gindin bishiyoyi. Na shirya maganata tun a mota, na ma gwada ta a zuci sau biyu, har da inda zan numfasa.

Yana zaune a zaure a kan kujerar roba, an jingina masa matashi ta dama. Ya rame, amma idon nan yana nan, irin wanda ke sa ɗalibi ya tuna bai yi aikin gida ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗaga min hannun hagu. Ɗayan yana kan cinyarsa, Hajiya ta gyara masa shi sau biyu muna zaune.

Sai na ga hular.

Hajiya Larai gwanar ɗinkin hula ce, matan unguwar da yawa a wurinta suka koya. Ashe tun ranar da Malam ya kai hoton gida ya manna a bango, ta zauna ta ƙirga shi gida-gida ta ɗora a ƙyalle. Farar hula, zare ja da shuɗi, furena mai kunnuwa shida ya zagaye ta sau takwas. Ko kwamfutata ba ta fitar da shi da kyau haka ba.

Ta ce, “A asibiti na ƙarasa ta, ’yar nan. Me zan yi da hannuna ina zaune? Ranar da na sa masa ita ya fara karɓar kunu. Yanzu ko wanka za a yi masa sai an yi rigima kafin ya yarda a cire.”

Malam ya taɓa hular da yatsa, ya nuna ni, ya nuna kansa.

Hajiya ta ce, “Kin gani? Cewa yake aikinku ne ku biyu. Shekara talatin yana zana wa yara abin nan da alli, bai taɓa ganin wanda ba a gani ba sai a hannunki. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna masa. Jiya har liman sai da ya sha bayanin kanwa, da hannu.”

Na ce hular ta yi kyau. Na sha fura. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Na dawo gida da maganata a cikina, ba ta ragu da ko harafi ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe 10:00 na safe

Na faɗa wa Abban Afra. Shi dai Mudassir mutum ne mai haɗa wa mutane sola, ba ruwansa da elektron sai wanda ya bi waya. Ya saurara har na gama, yana ɓare gyaɗa.

Ya ce, “To yanzu furen ƙarya ne?”

Na ce, “Ban sani ba. Sai na bar lissafin ya kai ƙarshe. Wataƙila ya tsaya, wataƙila ya ɓace.”

“Kwana nawa?”

“Kowane zagaye ya fi rabin awa. In rana ta yi kirki, uku ko huɗu.”

Ya kakkaɓe hannu ya tashi. Ya zare firji daga soket, ya zare talabijin, ya hau rufi da tsumma ya goge farantan sola shidan nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya sauko ya ce, “Ruwan randa ma ruwa ne. Kunna abinki.”

Na mayar da iyakar zagaye ɗari biyu. Sai da na duba lambar sau uku kafin na danna. Abin dariya, yanzu na iya dubawa.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe 5:50 na yamma

Zagaye goma sha tara. Na dakatar, gobe a ci gaba. Ban zana komai ba. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na je na wanke kayan da ba su yi datti ba.

Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

Mus’ab ya kira. Tare za mu kare kundi, shi ma ɗalibin Malam ne, yaro mai kirki da saurin baki. Na yi kuskuren faɗa masa.

Ya ce, “Haba Anti! Wa ke karanta bayan kundi? Wallahi mai jarrabawar nan daga mota zai buɗe, ya ga hoto mai kala, ya ce madalla. Ki goge layin kawai. Layi ɗaya fa.”

Na ce, “Layi ɗaya ne.”

“Kuma ki duba halin da Malam yake ciki. Ke kika ga abin da ya faru ranar nan, kina wurin. Kina so ki je ki ƙara masa? In wani abu ya same shi fa?”

Na ce masa ana kirana, alhali ba mai kirana sai kwamfuta da ke ta hura iska a kan tebur.

Abin da ya ba ni haushi shi ne bai faɗi abin da ban riga na faɗa wa kaina ba. Na san yadda ake goge layi. Na ma taɓa ɗora kibiyar kwamfuta a kansa ranar Laraba, na zauna ina kallonta tana ƙiftawa. Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Ba na mai jarrabawa ba. Ina tsoron in ga Malam ya cire hular nan.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 11:10 na safe

Hadari daga gabas, a tsakiyar Oktoba. Manoma na murna saboda wake. Ni kaɗai ce a Gaya nake harararsa.

Laraba, ƙarfe 4:00 na yamma

Bai yi ruwa ba, ya dai tsaya ya hana rana aiki. Zagaye talatin da takwas. Bambancin yana raguwa, sifili na ƙaruwa a bayan ɗigo. Afra ta tambayi me ya sa ba ƙanƙara a gidan nan, ubanta ya ce mata firjin ne ya tafi hutu.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe 12:25 na rana

Ya nutsu. Zagaye arba’in da bakwai.

Alhamis, ƙarfe 3:40 na yamma

Na yi sallah, na ci abinci, na share tsakar gida, sannan na zana.

Babu fure.

Ɗan jan ƙwallo ne a miƙe tsakanin ƙwayoyin oksijin biyu, shuɗi kaɗan a gefe da gefe. Kamar ƙwan zabo. Daidai irin abin da mutane suka samu a wasu gishirai masu kama da wannan, ba sabo, ba abin kiran liman. Kunnuwa shidan nan ragowar kintacen farko ne da kwamfuta ba ta gama gogewa ba na tsayar da ita.

Na ajiye hotunan biyu gefe da gefe. Na farkon ya fi kyau nesa ba kusa ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Na yi kuka kaɗan, ba mai yawa ba, don akwai tuwo a wuta.

Na sake tayar da lissafin da ma’auni mafi ƙanƙanta, don kada in sake cewa eh a kan abin da sau ɗaya na gani.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 9:00 na safe

Ranar zuwa Toranke ce. Na sa hijabi, na kai bakin titi, motar Ajingi ta tsaya, na ce wa direba ya wuce.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 5:15 na yamma

Na biyun ma ya nutsu. Ƙwan zabo dai.

Na fara rushe babi na huɗu. Shafi ashirin da biyu ne, na cire duk inda na rubuta “a karon farko”, na tarar sau bakwai na rubuta shi. Wai ni Bara’atu. Abin da ya rage shafi goma sha uku, kuma cewa kawai yake yi na lissafa kanwa daga tushe na samu abin da ya kamata a samu. Ko zai ishi masu jarrabawa, oho. Mus’ab ya ce ana iya ce min in ƙara shekara.

Hajiya Larai ta kira da azahar ta ji ko lafiya ba ta gan ni jiya ba. Ta ce tun safe ya sa aka fito da shi zaure. Na ce mata aiki ne ya riƙe ni. Wannan dai gaskiya ce, rabinta.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 6:45 na safe

Na buga kundin kwafi biyu jiya, tsoho da sabo. Duka suna cikin jaka. Ban san me ya sa na buga tsohon ba. Na sani.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 5:55 na yamma

Abban Afra ne ya kai ni a babur har ƙofar gidan, ina jin don kada in sake ce wa direba ya wuce. Kafin in sauka ya miƙo hannu ya ce, “Kawo ɗayan in riƙe miki, jakar ta yi nauyi.” Na ba shi tsohon. Ya cusa shi a ƙarƙashin sirdi tare da filaya da tef.

Malam na zaure, da hularsa. Bayan gaisuwa ban bari Hajiya ta tafi ɗauko fura ba, don na san in na sha shi ke nan.

Na ce, “Malam, na zo da magana. Hajiya, ki zauna don Allah, har da ke.”

Na shimfiɗa takardu huɗu a kan tabarma a gabansa: tsohon hoto da ƙarshen fayil ɗinsa, sabon hoto da ƙarshen nasa. Na ja layi da jan biro a ƙarƙashin inda ya kamata ya duba. Duk maganar da na shirya ta gudu, sai na faɗi abin kai tsaye.

“Ranar da ka tambaye ni ko ya nutsu, na ce maka eh. Ban duba ba, Malam. Zagaye goma sha biyu na ba shi saboda hadari, na manta. Furen ba na kanwa ba ne. Nawa ne.”

Ya nuna takardar farko, Hajiya ta ɗago masa ita kusa da ido. Ya karanta layin. Ya daɗe. Wata akuya ta leƙo zauren ta koma, ina jin ana sussukar gero a maƙwabta. Ya nuna ta biyu, ta ɗago masa.

Hajiya ta kalli sabon hoton ta kalle ni. Ta ce, “Wannan ɗin ne gaskiyar? Ai ko rabin kyan wancan bai kai ba.”

Na ce, “Shi ne, Hajiya.”

Malam ya kai hannun hagu ya cire hular. Ya ɗora ta a gwiwa yana juya ta a hankali, fure bayan fure, har takwas ɗin. Bakinsa ya fara motsi. Tun ranar nan ban ji muryarsa ba, Hajiya ta ce yakan yi kalma ɗaya ko biyu in ya matsa wa kansa. Muka jira. Ya ɗora yatsa a kan ƙwan zabon.

“Ya… nutsu?”

Na ce, “Ya nutsu, Malam. Zagaye arba’in da bakwai. Na sake da ƙaramin ma’auni, hamsin da biyu, amsa ɗaya. Ga layin nan.”

Bai kalli layin ba, ni ya kalla. Sai gefe ɗaya na bakinsa ya ɗaga, kafaɗarsa ta fara rawa. Na ɗauka wani abu ne ya taso, na yunƙura, Hajiya ta riƙe ni. Dariya yake yi. Ta ce rabonta da jin wannan tun kafin Alhamis ɗin nan, ta juya baya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Ya nemi biro. Ya ja wa tsohon hoton layi daga kusurwa zuwa kusurwa, irin wanda yake ja mana a allo, sai dai wannan ya karkace. Na buɗe masa shafin sa hannu na sabon kundin. Ya ɗauki kusan minti biyu yana rubuta sunansa da hagu, kamar na ɗan aji ɗaya, amma ana karantawa.

Na ce, “Ka yafe min, Malam.”

Ya ce, “Yanzu… kin duba.”

Hajiya ta miƙa hannu za ta ɗauki hular. Ta ce, “To kawo in warware ta, tunda ba gaskiya ba ce. Ƙyallen yana da kyau.” Ya janye ta, ya mayar kansa, ya danna da tafin hannu har ta rufe masa kunne ɗaya. Ta ce, “Kin gani ko? Taurin kai dai bai shanye ba.”

Na sha furar bayan nan, kofi biyu.

Juma’a, 24 ga Oktoba, ƙarfe 2:50 na rana

Na miƙa kundin. Sakataren ya daɗe yana kallon sa hannun, sannan ya buga hatimi. Saura Laraba, abin da za su ce su ce. An mayar da firji.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 10:30 na safe

Hajiya Larai ta kira. Ta ce Malam ya sa an cire tsohon hoton daga bango an manna sabon, kuma tun jiya yake nuna mata shi yana nuna kwandon zarenta. Ta riga ta yanka ƙyalle. Ta ce wannan ba wuya, sati biyu ya ishe ta, jan zare ma kaɗan zai ci. Sai dai takardar da na bari tawada ta yi mata ƙaranci, ba ta gane gefen ba.

Ta ce, “Shuɗin nan, ’yar nan, mai duhu ne ko mai haske?”

Na san amsar, har ta zo bakina. Na ce mata ta riƙe wayar, bari in buɗe in duba.